Igiyar Ƙofar Sin Cho

"Taka mana! Ko ƙafar aro gare ka?"

Khiem ne ya waiwayo ya daka tsawa, yana tsaye a kan feda, kekensa mara nauyi yana rangaji a ƙarƙashinsa. Suy ya sauke giyar keke ɗaya ya ci gaba da takawa. Jakunkuna huɗu ne rataye a nasa keken: kayan gyara, famfo, ruwan mutum biyu, rigunan ruwa, har da kwalbar man zafin da Khiem ke shafa wa gwiwarsa duk bayan awa biyu.

Tun da asuba suka bar Lao Cai. Kilomita saba'in suka ci, kusan duk hawa ne, saura casa'in kafin Sa Pa. Khiem, mai shagunan tayil uku a Hai Phong, ya rantse wa 'yan ƙungiyarsu ta masu keke cewa a yini ɗaya zai zagaye duwatsun nan, ya kuma ɗaura kyamara a hular kwanonsa don kada wani ya musa. Suy kuwa ɗan jagora ne da kamfanin yawon keke ya haɗa shi da shi. Shekara shida yana wannan aiki, bai taɓa jan mutum mai baki irin wannan ba.

"An ce min ku 'yan dutse kamar awaki kuke. Ni dai tun safe kunkuru nake gani."

"Yallaɓai, kayanka ne suka yi min nauyi."

"To, kayana ne abincinka. Taka!"

Suna shan kwanar gaba suka tarar babu hanya. Rabin dutse ya zaftare ya kwanta a kan kwalta, jar laka da itatuwa da duwatsu masu girman ɗaki. Katafila ɗaya tana gefe a kashe, direbanta yana zaune a kan tayar ƙarfen yana zuƙar taba a lofen gora.

"Kai, mai katafila! Yaushe za ka buɗe?" in ji Khiem.

Direban ya busa hayaƙi, ya kalli matsattsen wandon Khiem tun daga ƙugu har gwiwa. "Gobe. In ruwa bai dawo ba."

"Gobe? Ka san daga ina na taso?"

"Ko daga wata ka faɗo, Kawu, dutsen nan bai san ka ba."

Khiem ya zaro waya yana huci, ya yi ta jan taswira da yatsa. Can sai fuskarsa ta washe. Ya tura wayar har hancin Suy.

"Wannan fa? Ga siririyar hanya ta sauka hagu, ta ratsa wani ƙauye, ta sake haɗuwa da babbar hanya a ƙasa. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Suy bai ko kalli wayar ba. Ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Kilomita tara ce, gangara zalla, a ƙarshenta Sin Cho, inda aka binne cibiyarsa.

"A rufe take, Yallaɓai."

"Ita ma dutse ya faɗo mata?"

"An rufe gari. Yau aka fara, kwana uku ne. Sun yi yanka a kurmi, sun ɗaura igiya a ƙofa. Baƙo ba ya shiga, na ciki ba ya fita. Ɗan gari in ya makara a hanya zai iya shiga, amma ya shiga ke nan sai an kwance. In ƙafar baƙo ta wuce ƙarƙashin igiyar, yankan ya ɓaci, sai an sake komai daga farko, kuma ba mai zuba iri a gona sai an sake."

Khiem ya fashe da dariya. "Igiya! Hanyar gwamnati ce, da harajina aka zuba mata siminti. Minti biyu zan ratsa, ko kaza ba za ta gan ni ba."

"Ba zan kai ka ba."

"Ba za ka me ba?"

Mai katafila ya sa baki ba tare da ya ɗago ba. "Ka ji maganarsa, Kawu. Ni ma jiya na janye motata daga wajen. Mutanen can ba sa wasa da igiyarsu."

Abin da Suy bai faɗa ba ya fi wanda ya faɗa yawa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a rana ta biyu ta rufe gari, ya sulale ta ƙarƙashin igiyar nan da jakarsa don ya cim ma motar masu ɗaukar ma'aikata zuwa birni. A shekarar cuta ta kashe ɓaunayen noma goma sha huɗu, babansu kuma ya kwanta bai tashi ba. A wurin jana'iza wansa Che ya miƙe a gaban kowa ya ce shi ba shi da ƙane. Tun ran nan Suy bai taka tsakar gidansu ba. Sai makon jiya innarsa ta ari wayar maƙwabta ta kira shi, muryarta ta tsufa har ya kusa kasa gane ta. Ta ce ta shawo kan Che da ƙyar: in an kwance igiyar bana, ya zo, za a bar shi ya shiga ya gaishe ta. Kwana uku kacal suka rage. In yau aka gan shi ya jawo baƙo ya keta igiya, ya san ko gawarta ba zai gani ba.

"Mu koma garin Y Ty da muka wuce mu kwana, Yallaɓai. Gobe da sassafe mu ƙarasa."

Khiem ya dube shi. Sai ya saki murmushi, ya ɗaga kafaɗa.

"Shi ke nan, ɗan dutse, ka ci. Amma duba min tayarka ta baya, kamar ta yi sanyi. Ba na son ka tsayar da ni a hanya."

Suy ya jingine keke ya tsuguna ya matsa tayar. Tauri gare ta kamar dutse. Yana ɗagowa ya ji ƙarar takalmi ya shige feda. Khiem ya riga ya karya hagu, bayan rigarsa mai ruwan lemo yana nutsewa cikin gajimaren da ya kwanta a gangaren.

"Ka same ni a ƙasa!"

"Uwar ubansa," in ji mai katafila. "Bi shi, yaro!"

Suy ya haye.

Hanyar siminti ce, faɗinta bai wuce na amalanke ba, jiƙe take da raɓa da kashin ɓauna. Dama dutse, hagu rami. Suy ya kwantar da ƙirji a kan keke ya saki birki. Nauyin da ya wahalar da shi tun safe yanzu shi ke tura shi, jakunkunan suna bugun ƙarfe, iska tana cika masa baki. Kwana ta farko ya sha ta da ƙafa ɗaya a ƙasa. Ta biyu tayar baya ta zame, ta dawo. Ya hango rigar lemo a ƙasa, kwana biyu tsakaninsu.

"Yallaɓai! Tsaya!"

Khiem ya ɗaga hannu ɗaya sama ba tare da ya waiwayo ba, kamar mai yi wa yara bankwana.

Mutumin ya iya gangara, wannan ba a ƙwace masa ba. Kekensa kuma an yi shi ne don wannan. A kilomita na biyar tazarar ta koma kwana uku. Suy ya fara jin ƙaurin birki. Ya lissafa abin da ya rage: gadar katako, bishiyar da tsawa ta tsaga, sai manyan kwanonin hanya huɗu da ke zagaye gonakin shinkafa masu hawa-hawa, sai ƙofa. A kan siminti ba zai kamo shi ba.

Amma akwai hanyar mata. Daga gindin tsagaggiyar bishiya wata 'yar turba take faɗawa kai tsaye ta tsakiyar gonaki, inda mata ke sauko da itace a baya. Yana yaro ya sha gangara ta a kan ɓawon ayaba. Da keke mai jaka huɗu kuwa, mai hankali ba zai gwada ba.

Ya wuce gada. Ya ga bishiyar. Ya karya kan keke.

Duniya ta koma girgiza. Sirdi ya doke shi, haƙoransa suka datse harshe, ya ji gishirin jini. Ya ja gindinsa baya har saman taya, ya riƙe birki biyu yana saki yana kamawa. Laka tana fallatsa masa a ido. Wata jaka ta gaba ta kama kututture ta tsinke ta yi nata wuri. Ya tsallake magudanar ruwa ɗaya, ya faɗa ta biyu, ya fito. Ta gefen idonsa ya ga rigar lemo tana zagaye kwana ta ƙarshe, yanzu a samansa take.

Ya faɗo kan siminti taku arba'in kafin ƙofa.

Ga ta nan yadda ya bar ta. Ginshiƙai biyu na ɗanyen itace, igiyar ciyawa murɗaɗɗiya ta ratsa sama daga wannan zuwa wancan, an rataya mata wuƙaƙen katako da gashin zakara da ɗanyen ganye. Bayanta gidajen ƙasa masu kaurin bango, hayaƙi yana fita ta rufinsu.

Khiem ya fito daga kwana kamar harsashi. Suy ya matse birkin baya, ya gicciye kekensa a tsakiyar hanya.

"Kauce! Kauce, mahaukaci!"

Bai kauce ba.

Tayar Khiem ta daki jakar baya. Mai tayil ya tashi sama ya yi gefe, ya faɗa tsamo-tsamo cikin gonar da aka cika da ruwa. Suy kuwa bugun ya kwashe shi da keke da komai, suka yi ta jan ƙasa a kan jiƙaƙƙen siminti, kafaɗa da gwiwa suna goguwa, har suka tsaya.

Ya buɗe ido. Wuƙaƙen katako suna lilo a sama, amma ba a gabansa ba. A bayansa suke. Yana cikin gari.

Kafin ya iya zama, maza sun fito. Bakwai, goma, ashirin, cikin baƙaƙen riguna, ƙafa ba takalmi, wasu da sanduna. Ba wanda ya miƙa masa hannu. Suka buɗe hanya, wani mai faɗin kafaɗa ya ratso da adda a ƙugu. Furfura ta fara cin gefen kansa. Suy ya ɗauka babansu ne ya dawo, sai da mutumin ya yi magana.

"Kai ne," in ji Che. "Ai na sani. Da na ji ƙara a ƙofa na ce ba wanda zai yi wannan sai kai."

"Yaya..."

"Kada ka kira ni haka. Wancan karon fita ka yi ka kashe mana tsoho. Yanzu ka dawo da ɗan birni ka ƙarasa tsohuwa?"

"Tare shi na yi. Bai shigo ba. Ku duba, yana waje."

Khiem ya rarrafo daga gona, laka tun daga hula har takalmi, kyamarar tana reto a gefen kunnensa. Ya ɗaga kekensa ya ga tayar gaba ta ɗan karkace. Ya yi wani irin ihu ya nufo ƙofa yana ɗingishi.

"Ka san kuɗin keken nan? Ka san ko ni wane ne? Sai na ga bayanka!"

Sanduna huɗu suka gicciya a ƙarƙashin igiya, daidai ƙirjinsa. Ya ja birki da ƙafa.

"Me suke nufi? Kai, gaya musu su kauce! Ba sa jin yaren ƙasa ne?"

Suna ji sarai. Amma a kwanakin rufe gari ba a magana da yaren kowa sai na kakanni. Che ya yi wa Khiem kallo ɗaya ya tofar da yawu, ya faɗi wata magana, mazan suka yi dariya mara daɗi.

"Me ya ce?"

"Ya ce, Yallaɓai, in ka ƙara taku ɗaya, ba sai sun nemi aladen yanka ba."

Khiem ya ja da baya taku biyu.

Sai ga tsoho Po, mai yankan kurmi, yana dogara sanda. Shi ya yi wa Suy aski na farko. Ya tsaya ya dubi sawun jan keke a kan siminti, daga waje har ciki, ya dubi igiya, ya dubi jinin da ke gwiwar Suy.

"Wancan mai ihun bai shigo ba, na gani," ya ce. "Wannan ya shigo. Abu ɗaya nake son ji. Ƙafar da ta wuce igiyar nan, ta baƙo ce ko ta ɗan gari?"

Ya dogara da sandarsa ya ci gaba.

"In ta ɗan gari ce, ya makara ne ya iso, ba abin da ya ɓaci. Ya zauna har a kwance. In ta baƙo ce, ku kwance igiya yanzu. A nemo wani baƙin alade da zakara, a jira wata rana mai kyau. Ni a lissafina sai bayan kwana goma sha biyu."

"Goma sha biyu!" wani ya ce daga baya. "Irina na jiƙe tun shekaranjiya, ya fara tsiro!"

"Nawa ma!"

"Ba ni za ku gaya wa ba," in ji Po. Ya juya ga Che. "Kai ne babban gidan. A gaban gawar ubanka ka ce ba ka da ƙane, da kunnena na ji. In haka ne, wannan baƙo ne. Faɗi mu ji."

Jijiyar wuyan Che ta tashi. Ya dubi mutanen, suka sunkuyar da kai, sai dai kowa kunnensa a miƙe. Ya dubi Suy kamar zai sare shi.

"Da gangan ka yi."

"Da na so shiga da gangan, Yaya, da ƙafata zan shigo, ba da fatar kafaɗata ba."

"Rufe min baki!"

"Ku matsa min."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma aka matsa. Wata 'yar tsohuwa ce ta fito, bayanta ya tanƙware saboda shekarun ɗaukar itace, tafin hannunta jajir da rini. Innarsu ce, amma ba ta rungumi Suy ba. Ta tsaya a kansa ta ƙare masa kallo, ta taɓa yagaggiyar rigarsa da ɗan yatsa.

"Ka rame," ta ce. Sannan ta juya ga Po. "Ni ban san abin da maza suka faɗa a wurin gawa ba, ina ɗaki ina kuka. Na dai san sau biyu na durƙusa a gidan can, kuma duka biyun da manyan kawuna suka zo."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Che ya zare addarsa daga ƙugu, ya dube ta, ya mayar. Ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Ɗan gari ne."

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa," in ji Po.

"Na ce ɗan gari ne! Ƙanena ne! Wawa ne, ɗan asara ne, amma namu ne. Ka ji yanzu?"

"Na ji." Tsohon ya juya ya kama hanyar gida. "Igiya tana nan."

Mazan suka sauke numfashi, amma ba su sauke sanduna ba, domin Khiem yana nan yana zagaye kamar kare a bakin mahauta.

"Kai, Suy! Wasan ya isa. Fito ka gyara min taya ka fitar da ni daga ramin nan."

Suy ya dafa ƙasa ya miƙe. Taku uku ne tsakaninsa da igiya. Ya ji idon Che a ƙeyarsa.

"Ba zan iya fita ba, Yallaɓai. Sai an kwance."

"Ina kiran maigidanka yanzu. Yau ɗin nan za a kore ka. Ba kamfanin da zai sake ba ka ko famfo ka riƙe, daga nan har Hanoi. Ka ji ni?"

"Na ji. Sai ka hau sama tukuna, nan waya ba ta kamawa." Ya nuna gangaren da hannun da ke iya ɗaguwa. "Tayar za ta kai ka in ka sassauta birkin gaba. Jakar da ta tsinke tana cikin gona ta uku, akwai ruwa da rigar ruwa a ciki. Kilomita tara ne. Mai katafila yana da bukka, in ka yi masa magana da ladabi zai ba ka shayi."

Khiem ya juya. Ya dubi hanyar da ta miƙe sama ta shige gajimare. Ya dafa gwiwarsa.

"To miƙo min man zafina."

"Yana jakar baya, Yallaɓai. Shi ma ya shigo gari."

Sun daɗe suna jin zaginsa yana hawa kwana-kwana, yana raguwa, har ƙarar ruwan gonaki ta rufe shi.

Che ya ɗaga keken Suy daga ƙasa, nauyin ya kusa fizge shi. "Wannan kake ja wa mutane a duwatsu? Don wannan ka bar gona?" Bai jira amsa ba. Ya tura keken gaba, feda tana bugun ƙwaurinsa, yana tsaki. Suy ya bi shi yana ɗingishi, innarsu a baya tana faɗar ganyen da za a daka.

A ƙofar gida Che ya jingine keken ya shige shi kaɗai. Suy ya tsaya a bakin dokin ƙofa. Ba wanda ya ce masa shigo. Daga ciki yana jin ƙamshin shinkafa mai danƙo da hayaƙin itacen da ya sani.

Wani abu ya fito daga duhun ɗakin ya doki ƙirjinsa. Ya cafe. Dafaffen ƙwai ne, an rina shi ja, irin wanda uwa ke yi wa kowane ɗanta ranar rufe gari.

"Duk shekara sai ta rina biyu," in ji muryar Che daga ciki. "Shekara goma sha ɗaya ni ke cinye naka. Na bana ma saura kaɗan. Cire takalman nan kafin ka taka min ɗaki."

Suy ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalmi da hannu ɗaya.